Idan injin saita fokas na teleskof ya ƙi aiki: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya fara ɗaukar hoton taurari da teleskof ba ya daɗewa yake gane cewa murɗa fokas da hannu ba zai fisshe shi ba. Da ka taɓa, hoto ya girgiza. Da dare ya raba sanyi ya sauko, fokas ɗin da ka sha wuya ka samu ya gudu. Shi ya sa ake ɗaura ƙaramin inji a jikin fokasa, wato bututun nan mai shiga da fita wanda kyamara ke maƙale a bakinsa, kwamfuta ta riƙa juya shi. Akwai ZWO EAF, akwai FocusCube na Pegasus Astro, akwai Sesto Senso na PrimaLuceLab, da na MoonLite, da kuma wanda mutum ke haɗawa da kansa a kan ƙaramin allon lantarki na Arduino irin myFocuserPro2. Sunayen sun bambanta, amma cututtukansu kusan ɗaya ne, kuma galibinsu a jikin ƙarfe suke, ba a cikin manhaja ba.

Lamba tana canzawa a kwamfuta, amma bututun ko gezau. Me ke faruwa?

Lambar da kake gani ba ma'aunin inda bututu yake ba ce. Yawancin waɗannan injina masu tafiya ne taku-taku, kuma ba su da abin da zai gaya musu ko sun isa inda aka aike su. Kwamfuta ta ce "je ka taku 500", na'urar ta aika da bugun wuta 500, ta ƙara 500 a lissafinta, shi ke nan. Ko inji ya juya, ko ya maƙale, ko ya juya shi kaɗai bai ja komai ba, lambar ɗaya ce. Duk wanda ya riƙe wannan ya gama rabin gyara.

Saboda haka ka bar allo, ka ɗauki tocila ka dubi ƙarfen. Fara da notin kulle da ke ƙarƙashin fokasa. Mutane da yawa sukan ɗaure shi lokacin da za su ɗauki kaya su manta, inji kuma ba zai iya ture shi ba. In a kwance yake, sai ka ja layi ɗaya da maka daga sandar inji, ya ratsa mahaɗi, ya sauka a sandar fokasa. Ka ba da umarnin taku 1000 kana kallo. Idan layin ya karye, wato sandar inji ta juya ta fokasa ba ta bi ta ba, to ƙananan notunan nan marasa kai da ke jikin mahaɗi ne suka saki. Ka ɗaure su da alanki, kuma ka tabbata ɗaya daga cikinsu ya sauka a kan gefen sandar da aka fere ya zama a baje, domin don shi aka fere shi. Idan duka sun juya tare amma bututu bai motsa ba, matsalar ta koma cikin fokasa, kuma za mu zo kanta.

Wannan gwaji da rana ake yin sa, a ɗaki, da kyamara da duk nauyinta a ɗaure. Asarar dare ne a tsaya ana neman noti a duhu alhali sama ta washe.

Kwamfuta ba ta ganin injin gaba ɗaya, ko kuma yakan yanke tsakar dare.

A Windows, manhajoji irin N.I.N.A. da APT da Sequence Generator Pro suna magana da yawancin injina ne ta hanyar ASCOM, wata manhaja da ke shiga tsakaninsu da na'urori. Sai ka girka ASCOM ɗin kansa tukuna, sannan direban injinka, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. In ka juya tsarin, injin kan ƙi fitowa a jerin na'urori. Injinan da ke amfani da tashar COM suna da wata ɗabi'a: in ka sauya ramin USB, Windows na iya ba su sabuwar lamba, jiya COM3 yau COM7, manhaja kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Kuma tashar COM ba ta karɓar manhaja biyu a lokaci guda. In manhajar kamfanin tana buɗe, rufe ta.

Masu Linux da ke aiki da INDI, takwarar ASCOM a can, da manhajar KStars su tabbata sunansu na cikin rukunin dialout, su kuma daina dogara da sunan ttyUSB0, domin yau na inji ne gobe na mariƙin teleskof. Sunan da ke cikin /dev/serial/by-id ya fi tabbata. A Ubuntu 22.04 akwai wata manhajar makafi mai suna brltty da kan ƙwace allunan Arduino masu guntun CH340, su bayyana su ɓace nan take.

Yankewar tsakar dare kuwa, zargi uku ne. Na farko tsarin tattalin wuta na Windows da ke kashe ramukan USB in ya ga kamar ba a amfani da su; kashe wannan tsari. Na biyu tsawon waya: USB 2.0 ba a so ya wuce mita 5. Na uku wayar da ke ja idan teleskof ya juya. Ɗaure wayoyi a jikin teleskof, ka bar musu rara a inda ake lanƙwasawa.

Inji na gurnani yana rawa, ba ya juyawa.

Ko dai wuta ta yi masa kaɗan, ko nauyi ya yi masa yawa. Cire shi daga fokasa ka gwada shi shi kaɗai. In ya juya lafiya, to fokasa ce ta yi tauri: notin matsi ya ɗauru fiye da kima, ko mariƙin inji ya karkace har sandunan biyu ba sa kan layi ɗaya. Sassauta notunan mariƙin, ka bar inji ya zauna inda ya ga dama, sannan ka ɗaure.

In ko a hannu ma gurnani yake, auna wuta. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, don haka in ka jera kyamarar jagora, mai sa teleskof ya bi tauraro daidai, da faifan filta da inji a kan marabar USB wadda ba ta da wutar kanta, wani zai kwana da yunwa. Sabon EAF daga USB yake shan bolt 5, na farkon kuwa sai an ba shi bolt 12 daban. Masu aiki da batirin mota ko na sola su sa mita a bakin wayar da ke shiga inji yayin da komai ke kunne, ba a kan batir ba. Batirin dalma cikakke yakan nuna kusan bolt 12.6, amma sanyaya kyamara da ɗumama gilashi suna janye shi, siririyar waya mai tsawo kuma ta ci nata kason.

Wane irin daidaito ake nema ne, har da za a sa inji?

Akwai ɗan fili a gaban fokas da bayansa wanda tauraro ba ya nuna bambanci a cikinsa. Lissafin da aka fi yi shi ne 4.88 sau tsawon zangon haske sau lambar f sau kanta; lambar f kuwa ita ce tsawon fokas na teleskof a raba da faɗin bakinsa. Da koren haske mai mikron 0.55 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), teleskof mai f/10 yana da fili kusan mikron 270, mai f/5 kusan 67, mai f/4 kusan 43, mai f/2 kuwa bai kai 11 ba. Mikron 67 kaurin silin gashi ɗaya ke nan. Ka lura cewa in lambar f ta ragu da rabi, filin kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Shi ya sa fokasar da ta yi shekaru tana aiki lafiya takan fara ba da ciwon kai ranar da aka sa mata gilashin rage tsawon fokas, wanda ke rage lambar f.

Ya kamata ka san mikron nawa takunka ɗaya yake. Samo kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu, ka auna fitowar bututu, ka tura taku 1000 waje, ka sake aunawa. In ya fito da milimita 4, taku ɗaya mikron 4 ne, filin f/5 ɗinka kuma taku 17 ne ko kusa. EAF taku 5760 yake yi kafin ya kammala juyi ɗaya, amma nisan da bututu zai yi a juyin ya dogara ga fokasarka, don haka lambar wani ba za ta yi maka aiki ba.

Zanen fokas ya fito, amma gefe ɗaya ya kwanta kafin ya fara sauka.

Wannan lako-lakon giya ne, kuma shi ne ya fi kowace matsala yawa. Manhaja tana tura bututu waje, ta dawo da shi sannu a hankali tana ɗaukar hoto, tana auna faɗin taurari da ma'aunin da ake kira HFR. Ya kamata faɗin ya yi ta raguwa har ya kai ƙasa, ya sake hawa, zanen ya yi kama da harafin V. To amma duk lokacin da inji ya sauya alkibla, sai haƙoran giya sun cike gibin da ke tsakaninsu kafin su fara tura komai. A wannan tsakanin lamba na tafiya, bututu na tsaye, shi ya sa ɗigon farko da na biyu suke fitowa a layi ɗaya a kwance.

Illar ba ta tsaya ga munin zane ba. Bayan manhaja ta gano ƙasan V, sai ta juya ta koma can, gibin ya sake cinye wani ɓangare na tafiyar, ta tsaya kafin wurin tana ce maka ta isa. Alamarsa ita ce HFR na hoton ƙarshe ya fi wanda aka gani a ƙasan zane.

Aunawa ba wuya. Tura waje taku 500, ka liƙa salatif a bututu ka yi alama, sannan ka riƙa dawowa ciki goma-goma har ka ga motsin farko. Abin da ka ƙirga shi ne gibinka. Hanyoyin magancewa biyu ne. A ta farko, kana gaya wa na'ura adadin, ta riƙa ƙara shi duk sanda ta juya. Wannan na buƙatar lamba daidai, gibin kuwa ba ya zama ɗaya a ko'ina a jikin giya, kuma nauyi da sanyi na canza shi. A ta biyu, wadda N.I.N.A. ke kira Overshoot, Ekos na cikin KStars kuma AF Overscan, inji yakan wuce wurin da gangan sannan ya dawo, ta yadda kullum ta gefe ɗaya yake ƙarasawa. Ta biyun na fi yarda da ita, don ba ta neman ka san gibin daidai; lamba ta ɗara shi kawai. In ka auna 60, sa 100 ko 150, babu abin da ka rasa sai daƙiƙa biyu.

Abu biyu za ka kiyaye. A wannan hanya gefe ɗaya ake cikewa, ko na shiga ko na fita, ɗayan a bar shi sifili, kuma an fi so tafiyar ƙarshe ta zama wadda ke ɗaga nauyin kyamara. Sannan kada ka sa gyara a direba ka kuma sa a manhaja. In ka zaɓi manhaja, mai da na direba sifili, in ba haka ba su biyun za su yi ta gyara gyaran juna.

Zanen ba V ba ne ma, ɗige-ɗige ne a warwatse.

Duba girman taku tukuna. In ya yi ƙanƙanta, duk ɗigon suna cikin filin fokas ko kusa da shi, abin da kake aunawa kawai rawar iska ce. In ya yi girma, taurarin gefe sun baje har manhaja ta daina gane su, ta koma auna hayaniyar sensa, sai ka ga fikafikan zane sun faɗo. Fara daga fokas mai kyau, ka yi ta matsawa waje har taurari su kumbura sosai amma manhaja na ganinsu, ka raba tafiyar da adadin ɗigon gefe ɗaya, wanda a N.I.N.A. huɗu ne tun asali.

Sai tsawon ɗauka. Daƙiƙa ɗaya ta yi kaɗan, domin iska ba ta lafa a cikinta. Uku zuwa biyar sun fi da filta mai faɗi. Wurin da ka nufa ma yana da tasiri. Manyan taurarin Kaza suna cika sensa su ɓata awo, tsakiyar dunƙulen taurari kuma manhaja na ɗaukar goma a matsayin ɗaya. Ga gajimare, ga iska mai kaɗa teleskof, ga raɓa a gilashi. A daren da hazon hunturu ya yi kauri, taurarin da suka rage ba su da yawa, sai an ƙara daƙiƙu.

Da na nufi tsakiyar sama sai fokas ya gudu.

Zamewa ce, kuma kusan kullum fokasa irin Crayford ce. John Wall ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a farkon shekarun 1970, aka sa mata sunan ƙungiyar masu duban taurari ta Crayford Manor House. Ba ta da haƙora. Sanda ce mai santsi ke matse bututu tana gungura shi. Ga mai leƙe da ido babu kamarta wajen laushi. Amma in ka rataya mata kyamara mai sanyaya da faifan filta da gilashin gyara, ka ɗaga ta sama, nauyin kan rinjayi matsin.

Gwada ta a tsaye da cikakken nauyi: waje taku 2000, ciki taku 2000, sau da yawa, ka ga ko alamarka na komawa wurinta. In tana sauka kaɗan-kaɗan, goge gefen bututun da sandar ke bi da sifirit irin na masu gyaran waya, ka ƙara notin matsi da kwatan juyi, ka sake gwadawa. Kada ka kuskura ka shafa giris a wurin. Giris na fokasa mai haƙora ne. Haka nan ƙaramin maɓallin nan na saiti a hankali, wanda juyinsa goma ke daidai da juyi ɗaya na babban, da gogayyar 'yan ƙwallaye yake aiki kuma shi ma yana zamewa, don haka in injinka a kansa yake, sa masa ido. In ka matse har inji ya fara gurnani kuma zamewa ba ta daina ba, fokasar ta gaza nauyin. Babu saitin manhaja da zai ceto ta, sai a koma mai haƙora.

Na samu fokas mai kyau bayan isha'i, da asuba taurari sun kumbura.

Inji bai yi laifi ba, sanyi ne. Gorar ruwa, wato alminiyam, tana tsukewa da kusan mikron 23 a kowace mita idan zafi ya sauka digiri ɗaya. Bututu mai tsawon mita guda da ya huce da digiri 5 ya rage mikron 115, ya fice daga filin f/5 da nisa, ban da canjin da gilashin kansa ke yi. Mai aiki a Kano ko Damagaram ko Jos a watan Disamba da Janairu ya san tazarar da ke tsakanin zafin yamma da sanyin asuba, kuma lokacin ne babu gajimaren damina.

Fitar da kaya waje tun magariba su huce na rabin sa'a zuwa sa'a guda. Sannan ka umarci manhaja ta sake fokas duk sanda zafi ya sauya da digiri 1 ko 2, ko in HFR ya hau da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ma'aunin zafin da ke cikin akwatin inji yana jin ɗumin injin ne, saboda haka in akwai na waje, liƙa shi a jikin bututu ka rufe shi daga iska. Akwai tsarin da inji ke matsawa da kansa gwargwadon kowane digiri, amma sai ka tara awon darare da yawa kafin ka san adadin, kuma in ya motsa ana tsakiyar ɗauka ya ɓata hoton.

Nawa Schmidt-Cassegrain ne, hoto na tsalle duk sanda inji ya juya.

A wannan nau'in teleskof mai madubi, irin Celestron C8, maɓallin fokas babban madubin yake turawa, madubin kuma yakan ɗan karkata idan alkibla ta sauya. Sa lambar wucewa mai yawa, ɗaruruwa in ta kama, kuma tafiyar ƙarshe ta zama juyi saɓanin hannun agogo, wanda ke tura madubi sama. Mai samfurin EdgeHD na Celestron ya sassauta makullan madubi kafin inji ya taɓa maɓallin. Taurarin da suka fita fokas a irin wannan teleskof zobe suke zama mai rami a tsakiya, don haka kada ka yi nisa da taku. Ƙarin manhajar Hocus Focus a N.I.N.A. ya fi iya gane su. Wasu kan kulle madubi ɗungurungum su ɗaura fokasa ta biyu a baya.

Kowace filta da nata fokas?

Eh. Gilashin filta yana tura fokas baya da kusan sulusin kaurinsa, kuma teleskof mai gilashi ba ya tara kowane launi a wuri ɗaya. Filtar haidirojin a nanomita 656 da ta oksijin a 501 suna tace haske har taurari su yi ƙaranci. Mafi sauƙi ka auna tazarar kowace daga filta mai haske, a dare ɗaya mai natsuwa, ka adana. Daga nan manhaja ta riƙa fokas da mai hasken tana ƙara tazarar.

Tsakiyar hoto tsaf, kusurwoyi a miƙe. Inji ne?

A'a. In kusurwoyi huɗu sun lalace iri ɗaya, duba nisan gilashin gyara da sensa, wanda a yawancinsu milimita 55 ne. In gefe ɗaya ne kawai, kyamara ta karkata ko bututu ya sunkuya da nauyi. Mai teleskof irin Newtonian ya duba saitin madubansa.

Na ce ya shiga ya fita, kuma ya manta inda yake.

Na farkon, akwai zaɓin juya alkibla a direba. Na biyun kuwa, al'ada ita ce sifili bututu na ciki, lamba na hawa yana fitowa. Shigar da shi har ƙarshe, ka dawo da shi kaɗan, ka sa sifili a nan, sannan ka sa iyakar sama kafin ƙarshen tafiya don kada inji ya yi ta dukan bango yana zubar da taku. Da zarar an ɗaura inji, kada a murɗa da hannu: lissafi zai ɓace, giyar ciki ma na iya karyewa. Rubuta lambar fokas ɗinka a takarda, da zafin daren.

In ina da inji, ina buƙatar faifan Bahtinov?

Ajiye shi. Pavel Bahtinov, ɗan Rasha mai sha'awar ɗaukar taurari, ya fito da shi a 2005, kuma har yanzu shi ne shaidar da ba ta dogara da kwamfuta ba. Bayan inji ya gama, ɗora wannan faifai mai tsage-tsage a bakin teleskof ka nufi tauraro mai haske, za ka ga layukan haske uku sun ratsa shi. In layin tsakiya ya raba sauran biyun daidai, inji ya yi gaskiya. Ka dai tuna ka cire shi.

Ni na haɗa nawa da Arduino. Me zan fi kula da shi?

Ƙaramin injin 28BYJ-48 da allon ULN2003 yana da arha, taku kusan 2048 a juyi, amma lako-lakonsa da yawa kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Ya ishi ƙaramin teleskof. Injin NEMA 17 taku 200 ne kacal a juyi, digiri 1.8 kowanne, don haka sai da giya ko bel mai rage gudu. In kana amfani da allon tuƙa inji A4988 ko DRV8825, saita iyakar wuta da ƙaramin notin da ke kan allon kafin ka haɗa nauyi: in ta yi kaɗan taku na zubewa, in ta yi yawa allon ya yi zafi ya riƙa ɗaukewa. Kada ka zare wayar inji alhali wuta na kunne, nan take allon ke ƙonewa. Injin da ba shi da giya, in aka yanke masa wuta bayan ya tsaya, nauyin kyamara na iya juya shi, saboda haka bar wutar riƙewa a kunne. Arduino Nano da Uno sukan sake tashi duk sanda kwamfuta ta buɗe tasharsu, don haka ka tabbata shirin yana ajiye lambar ƙarshe a ma'adanar da ba ta gogewa. Akwatin kuma ya rufu da kyau, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da giris a haƙoran bel ko giya, tauri take kawowa; a ƙarshen kakar a wanke tsohon giris a sa sabo kaɗan.